Furar da Anka Dama da Irin Gandu

Ni ban yi boko ba, allo ma ban wuce abin da zan yi salla da shi ba. Abin da na sani game da garin ga na Gwandu a bakin uwar mijina na ji shi, ita kuma a bakin tata uwar mijin, haka har can baya inda ba a iya ƙirgawa. Yanzu da ƙafa ta yi nauyi na zauna ina faɗa ana rubuta mini, don akwai wanda na haifa da cikina da yake son a faɗi labarin wata iri dabam.

Ranar da anka kawo ni gidan ga ina amarya, kafin a nuna mini randa ko turmi, uwar mijina ta kama hannuna ta kai ni madafa. Ta ɗaga kai, ni ma na ɗaga. Can sama, daidai inda hayaƙin murhu yake taruwa, akwai wani ɗan damin gero rataye jikin azara, ya yi baƙi ƙirin. Ta ce, "Kin ga wancan? Ko yunwa ta kai mu ga cin tafasa babu ƙuli, ba a taɓa shi. Iri ne. Ya girme ni, ya girmi garin ga."

Ga yadda ta ba ni labarin. Tun ba a san ganuwa ba, tun ba a san hubbaren da malamai ke kwance ba, wanga kwari da duwatsu sunka kewaye gona ce. Gonar sarkin Kabi ce. Shi yana can birninsa, bai taɓa riƙa hauya ba, sai ya aza wani babban manomi a kanta, ana ce masa sarkin gandu, da mutane ƙarƙashinsa. Wasu kamo su anka yi a yaƙi, wasu yunwa ta koro su, wasu nan bakin gonar anka haife su, sunka tashi sunka tarar da hauya tana jiransu. Su ne sunka kafa bukkoki a gefe don kada su yi ta tafiya da dawowa. Bukka ta zama biyu, biyu ta zama unguwa. Duk wanda anka tambaya ina za shi, sai ya ce za ni gandu, har sunan ya zauna wa wurin, baki ya murɗa shi kaɗan ya koma yadda kuke faɗinsa yau. Can daga baya malaman jihadi sunka zo da tutocinsu da littattafansu, sunka ga kwarin yana da ruwa da abinci da duwatsun kariya, sunka zauna. Anka yi ganuwa, anka yi yaƙi a bakinta, garin ya yi suna har ƙasashen da ban san su ba. Da tafiya ta yi tafiya sarauta ta tashi ta koma Birnin Kabi, ta bar mu da hubbare da gonaki. Allah ya jiƙan malaman nan, ba ni da abin faɗa a kansu sai alheri. Amma da sunka iso sun tarar da hatsi a rumbu, kuma wani ne ya noma shi. Kakan kakan mijina yana cikin masu noman.

Geron da ya noma shi ne wanda ke rataye a madafa. Gero ne mai gashi, kowace zangarniya da tsinin gashi kamar gemun bunsuru, tsuntsun nan jan-baki in ya zo sauka sai ya soke shi a ido ya wuce gonar gaba. Ba ya saurin nuna, ba ya cika buhu kamar na zamani, amma shekarar tsuntsaye shi ke ciyar da gida. Ga yadda ake riƙonsa. Ranar girbi, kafin maza su ɗaure dami ko ɗaya, babbar matar gida ke shiga ta zaɓi zangarniyar da gashinta ya fi tsawo, wadda ƙwaya ta cika ta har baki. Ta ɗaure su dabam ta rataye a hayaƙi don ƙwari. In damina ta faɗi a sauko da shi a shuka, don irin gero in ya daɗe a ajiye mutuwa yake yi. Ke nan tun zamanin gonar sarki babu shekarar da wata mace ba ta duƙa ta zaɓa ba. Kuma duk ɗiyar gidan da za a kai ɗakin miji, ana sa mata zangarniya bakwai ƙarƙashin ƙoranta. Uwar mijina ta yi zaɓen har idonta ya mutu, sannan ta miƙa mini. Gandun ya yi ta tsinkewa da rabon gado har ya rage 'yar siririyar gona bayan dutse, amma ban taɓa fashin shekara ba.

To, sai ɗana na fari, wanda ba na kiran sunansa. Da anka yaye shi ƙanen mijina ya ɗauke shi, malamin ofis ne a Kalgo. Can ya yi makaranta, can ya yi aikin gwamnati, can ya gina gida mai ƙofar ƙarfe, ya je Makka ya dawo da haƙorin azurfa. Bai taɓa kwana da ciwon baya na noma ba. Da ya aje aiki, hannu ya rasa abin yi, sai ya shiga neman asali. Ya yi ta yawo har ya samo wani mai rubuta wa mutane kakanni. Wata rana sai ga shi da takarda cikin gilashi, an zana itace da rassa, ya buga ƙusa ya rataye a zaurenmu. Na ce a karanta mini. Wai mu daga gabas munka zo bayan tuta, wai kakanmu shi ke ɗaukar gafakar littattafan malamai. Ni da na yi shekaru ina shafa wa ubansa man shanu a kaushin ƙafa, na san abin da gidan ga ya ɗauka a kafaɗa. Na dubi itacen nan, babu mace ko ɗaya a jikinsa, kamar daga rumbu anka zubo mazan. Na juya na koma madafa. Ɗan fari ba a ja-in-ja da shi, kunya ce tsakaninmu.

Wadda ba ta yi shiru ba ita ce gwaggonsa, ƙanwar mijina da ke aure a Malisa. Ranar bikin ɗiyarsa a Kalgo, maroƙi ya ɗaga murya yana kiransa jikan malamai, magajin alƙalami. Gwaggon ta tuntsire da dariya cikin mata har goronta ya faɗi, ta ce, "Jikan gandu dai. A tambayi hauya." Magana ta kai kunnensa. Daga ranar ya ɗauke ƙafa daga Malisa, ko barka da salla.

Abin da zan faɗa ya faru ne da bazara, hadari ya fara leƙowa ta gabas. Na tafi Masama gaisuwar mutuwa na kwana biyu. Da hantsi mai babur ya aje ni ƙofar gida, sai na ga mota biyu, zaure an shafe shi da farar ƙasa, an shimfiɗa darduma wadda ba tamu ba. Ɗan nawa ya tare ni tun ban kwance lulluɓi ba, cikin shadda mai ƙara kamar ana taka ganye.

Ya ce, "Inna, sannu da hanya. Baƙi ne daga jami'ar nan ta wajenmu. Bincike suke yi a kan asalin garin nan, na ce musu babu wanda ya kai ki sani. Idan sun tambaye ki, ki tsaya a kan zuwan malamai, ki ce kakanninmu tare suka zo."

Na ce, "Tare sunka zo daga ina?"

"Daga gabas, Inna. Ga shi can a rubuce."

"Wa ya rubuta?"

"Masana."

"Masanan sun ga kakanka?"

Ya rage murya. "Inna, don Allah. Maganar gona da bayi ba ta gaban baƙi ba ce. Rubutawa za su yi, duniya ta karanta."

Na wanke ƙafa na shiga zauren. Baƙin su biyu ne, wani dattijon malami mai tabarau da wata matashiyar malama, Kirista ce daga kudancin jiha, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni da Kaka. Ta aje wayarta kan darduma don ta ɗauki magana. Ba mu kai ga farawa ba sai matar ɗana ta shigo da ƙwarya babba da ludduna. Ita ma daga Kalgo ya zo da ita don karɓar baƙi, yarinya mai ladabi, amma 'yar birni ce, gero a buhu ta san shi.

Anka zuba wa kowa. Na ga furar ta yi duhu fiye da yadda ya kamata. Na kai ludayi baki, ban haɗiye ba na ji abin da na ji. Mai tabarau ya shanye nasa ya lashe baki ya ce, "Hajiya, rabona da fura irin wannan tun ina yaro. Har wani ƙamshin hayaƙi take yi."

Ɗana ya gyara zama, fuska cike da haske. "Geron gida ne, Malam, na gargajiya. Na ce ba za a ba ku na kasuwa ba. Jiya da muke gyaran gida na sa aka sauko da shi daga madafa, yana can rataye yana tara kunkunniya."

Na aje ludayin. Na ce, "Duka?"

"Ai ɗan kaɗan ne, Inna, da ƙyar ya isa."

"Na ce duka anka daka?"

Matarsa ta ce a hankali, "Inna, maƙwabciyarki ta leƙo ta ce wai iri ne. Na gaya wa Alhaji."

Shi kuwa ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. "Iri ai iri ne. Gobe zan aiko miki da ingantacce, na cikin leda, mai nuna da wuri. Wancan tsohon yayi ne."

Malamar nan ta dubi ƙoƙonta, ta dube ni, ta ture shi gefe. Ta ce wa ɗana, "Baba, irin shuka muka sha?" Ta ce uwarta ma haka take rataye irin dawa a kan murhu, kuma ko ubansu ba ya taɓawa. A cikin zauren nan kaf, baƙuwa daga wani yanki da wani addini ita kaɗai ta san abin da anka yi.

Na ce, "Ɗiyata, kunna abin naki."

Ta kunna. Na ba su labarin yadda uwar mijina ta ba ni, ban rage ba, ban ƙara ba. Gonar sarki, sarkin gandu, kamammu da korarrun yunwa, bukkoki a gefen gona. Na faɗi zuwan malamai da girmansu. Na ce kakan gidan ga ban san ko kamo shi anka yi ko yunwa ta kawo shi ba, amma na san bai zo bayan tuta ba, tuta ce ta tarar da shi a duƙe. Ɗana yana ta gyaran murya yana duban takardarsa ta gilashi kamar za ta sauko ta cece shi. Mai tabarau ya tambaye ni ko akwai wata shaida da ta rage daga wancan zamani, wani abu da za a gani da ido.

Na ce, "Akwai, har jiya. Yanzu tana cikin cikinku."

Na tashi na shiga madafa. An shafe bangon fari, azarar tana nan tsirara, sai guntun igiya. Na fita bayan ɗaki inda anka yi sussuka, na durƙusa ina tona ƙaiƙayi da yatsa ko ƙwaya ta tsira. Kaji sun riga ni. Ban yi kuka ba, na tsufa da wannan. Na zauna nan ƙasa ina duban hadari, ina lissafin matan da sunka duƙa tun daga gonar sarki har zuwa kaina, a ce a hannuna abin ya yanke, kuma da nono da sukari.

Da baƙi sunka tafi ya zo ya tsaya a kaina. Ya fara da cewa na kunyata shi. Na bar shi ya gama. Sannan na ce, "Gobe za mu Malisa."

"Wurin wa?"

"Wurin gwaggonka, wadda anka sa wa zangarniya bakwai ƙarƙashin ƙorai. Sauran ɗiyan gidan duk sun mutu ko sun watsar. In ita ma ta watsar, shi ke nan."

"Sai in aiki direba."

"Ba a ba ɗan aike iri. Jinin gida ke zuwa ya roƙa da bakinsa."

Ya yi tsaye yana huci. Ban san mi ya juya shi ba, ko ganin uwarsa zaune cikin ƙaiƙayi, ko idon malamar nan da ta ƙi ƙarasa furarta. Da safe dai ya zo da mota.

Mun tarar da gwaggon tana bakin ɗakinta tana tsinke zogale, ta ƙanƙance kamar ƙuli amma bakin yana nan. Ta kare ido da hannu ta ce, "Lale da jikan malamai. Ina gafakar, ko an bar ta a mota?"

Ya durƙusa. "Gwaggo, ina kwana."

"Lafiya lau, ɗan yayana, ashe kana da rai. Matar yaya, mi ya kawo ki da wanga babban baƙo? Mutuwa anka yi ban ji ba?"

Na ce, "Kusan haka. Ɗanku ya sauke irin gida ya dama wa baƙi."

Hannunta ya tsaya cikin zogale. Can ta ce, "Sun dai ƙoshi?"

"Har ɗaya ya lashe baki."

"To madalla. Sarkin Kabi ma bai sha wanda ya fi shi ba."

Na tambaye ta abin da ya kawo ni. Ta ce 'ya'yanta sun daɗe da komawa irin leda, suna mata dariya. Ita dai tana shuka kunya uku bayan ɗaki duk shekara, don kada ta je lahira uwarta ta tambaye ta. Amma ta ce kada in sa rai da yawa, gonakin maƙwabta sun matse shi, ya yi aure da nasu, rabi yanzu sanƙo yake fitowa. Abin da ta zaɓa bara yana cikin ƙaramin rumbunta na ƙasa, ta binne shi cikin toka.

Ta dubi ɗan nawa. "Ni ƙafa ta ƙi tsani, yara suna fadama. Tuɓe rigar."

Ya dube ni, na dubi zogale. Ya cire babbar riga, ya cire hula, ya aje agogo a kai. Mutum mai jikoki, da tumbi, ya hau tsani yana nishi, ya ɗaga murfin rumbu ya zura ƙafa ya ɓace. Muna jin tari da atishawa daga ciki. Matan gidan sunka taru bakin ɗaki suna toshe baki da gyale. Ya fito fari fat da toka, yanar gizo a gemu, da ɗan ƙulli a hannu. Zai miƙo mini, gwaggon ta karɓe.

Ta ce, "Ba haka ake yi ba. Mai roƙon iri yana faɗin gidansu. Kai ɗan wane gida ne?"

"Gwaggo, ai kin sani."

"Na sani. Ji nake son yi."

Ya faɗi wani abu cikin maƙogwaro.

"Rumbu bai ji ba."

Ya ce, "Gidan gandu."

Ta ƙirga zangarniya bakwai ta sa masa a hannu, kamar yadda ake sa wa amarya. Ta ce ya riƙe da kansa har Gwandu, kada ya jefa bayan mota da takalma.

Ruwa ya sauka bayan kwana kaɗan. Na sa anka shuka su a tsakiyar gonar bayan dutse, nesa da na kowa. Ya fito yadda gwaggon ta faɗa, wani da gashi, wani sanƙo, wani gashin ya tsaya rabi kamar gemun saurayi. Zai ɗauki damina da yawa ana zaɓe kafin ya koma yadda uwar mijina ta miƙa mini shi, kuma ban san damina nawa sunka rage mini ba. Takardar gilashi tana nan zaure, ba a sauke ta ba. Na ji an ce mutanen jami'a sun aiko masa da abin da sunka rubuta, bai kawo a karanta mini ba, ni kuma ban tambaya ba.

Ranar girbi ban aika masa ba, sai ga motarsa bakin dutse. Ya tsaya gefen gona da lema a kai, takalmi yana ƙyalli. Na bar shi ya sha rana. Da bayana ya gaji na ce, "Tunda babu mace ko ɗaya a itacenka, shigo ka koya."

Ya rufe lemar ya shigo. Ya zaga, ya zaga, ya tsinko wata zangarniya ƙatuwa, doguwa, sumul, ya kawo mini da hannu biyu yana murmushi kamar ya ci jarrabawa. Na juya ta, babu gashi ko ɗaya. Na jefa ta cikin tulin geron ci.

Na ce, "Wagga ta baƙinka ce. Sake."

Ya tattare bakin rigarsa ya duƙa.